Zanga-zangar Agusta da kwamitin unguwa: ina aka samu tazarar?

Har yanzu in aka taso da maganar zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024 a majalisa ko a Facebook mutane gida biyu suke rabuwa. Wasu su ce ai dama malamai sun faɗa, ga shi nan an fita an yi ɓarna an rasa rayuka kuma fetur bai sauko ba, wasu kuma su ce da ba a fita ba da gwamnati ba ta ma yarda ana yunwa ba. Ni a ganina duka biyun suna tsallake tambayar da ta fi damuna, wato me ya sa a Ojota ta Legas aka yi kwanaki ana taruwa ana jawabi ana watsewa galibi lafiya, amma a Kano da wasu garuruwanmu tun ranar farko kafin la'asar abin ya kuɓuce daga hannun kowa? Yunwar ai ta fi tsanani a nan, fushin ma ya fi gaskiya a nan, to me ya hana shi zama ƙarfi?

Dalilin fitar ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 a wajen rantsuwa Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Yuli ta kai 617, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, ECOWAS ta sa takunkumi aka rufe boda, wanda mutumin Legas labari kawai ya ji amma ɗan kasuwar Jibiya da Illela da Maigatari a jikinsa ya ji. Zuwa watan Yunin 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari, ta abinci kuma ta haura kashi 40. Kuma alamun sun daɗe da fitowa, tun a Fabrairun 2024 mata masu gurasa a Kano suka fito kan tsadar fulawa, a Minna ma mata da matasa suka tare hanya a Kpakungu. Babu wanda ya ɗauki nauyinsu, kuɗin cefane ne ya daina isa.

To amma dubi yadda aka kira ta Agusta. A kudu akwai ƙungiyoyi masu suna da shugabanni sanannu, irin su Take It Back ta su Sowore, akwai lauyoyin da suka rubuta wa 'yan sanda takarda tun kafin ranar, an san filin da za a taru, an san wanda zai riƙe lasifika, in an kama mutum an san lauyan da za a bugo wa waya. A nan kuwa kiran ta TikTok da WhatsApp ya yaɗu, kowa ya ji ranar 1 ga Agusta za a fita amma ka tambayi matashi daga ina za a tashi, ina za a tsaya, wa zai miƙa takarda, ƙarfe nawa za a watse, ba amsa. Waɗanda suke da tsarin da zai iya riƙe taron, malamai da sarakuna da shugabannin kasuwanni da manyan ƙungiyoyi, yawancinsu cewa suka yi kar a fita, wasu ma bayan sun je Abuja sun gana da shugaban ƙasa a ƙarshen Yuli. Ba na zargin niyyarsu, da yawansu tsoron zubar da jini ne ya sa su, kuma jinin ya zuba. Amma sakamakon shi ne an bar titi ga wanda ya fi kowa yunwa kuma ya fi kowa rashin mai tsawatar masa, yara 'yan shekara sha huɗu sha biyar da 'yan daba da masu jiran dama. Malami ya ce kar a fita, yaro bai ji ba ya fita, to yanzu ba malamin a wurin balle ya ce masa ajiye wannan sandar.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. A Kano aka fasa sabon ginin fasahar zamani na hukumar sadarwa ta ƙasa NCC da ko buɗe shi ba a yi ba, aka ga mutane ɗauke da kujeru da kwamfutoci, gwamna Abba ya sa dokar hana fita ta awa 24, aka yi irin haka a Borno da Jigawa da sassan Yobe da Katsina, daga baya Kaduna da Zariya. Amnesty ta fitar da rahoto a Nuwamba ta ce aƙalla mutum 24 jami'an tsaro suka kashe a jihohin Borno, Kaduna, Kano, Katsina, Jigawa da Neja, an kuma tsare sama da 1,200, 'yan sanda sun musanta. Ka sake karanta sunayen jihohin nan, duk Arewa ne.

Sai maganar tutar Rasha. Ni ban yarda cewa yaron da ya ɗaga ƙyallen nan a Kano ya san wani abu game da siyasar Mosko ba, abin da ya sani shi ne ya ga bidiyon Yamai inda ake ɗaga ta ana murna an kori Faransa, a wajensa alama ce ta na gaji. Amma taron da yake da shugabanci da tun ranar farko ya hana, domin ya san abin da za a yi da ita. Kuma an yi, babban hafsan tsaro ya fito ya ce cin amanar ƙasa ne, aka kama teloli a Kano, ofishin jakadancin Rasha ya ce ba ruwansa, maganar shinkafa da fetur ta koma maganar juyin mulki. Ranar 1 ga Nuwamba aka kawo mutum 76 daga cikin waɗanda aka kama a zanga-zangar babbar kotun tarayya a Abuja bayan kusan wata uku a tsare, da yawansu yara ƙanana, duk sun rame ƙashin wuya a waje, huɗu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, lauyoyi suna musu fifita, wasu na rarraba musu biskit suna wawaso, aka sa belin naira miliyan 10 kan kowanne. Iyayen wasunsu sai a bidiyon zaman kotun suka san inda 'ya'yansu suke. Kunyar da hoton ya jawo ce ta sa aka sake su bayan kwana uku-huɗu, ba wata ƙungiya tamu da ta yi wata uku tana bin sawunsu da jerin sunaye a hannu ba. Wannan ne ya fi ci min rai a duk lamarin.

Kuma fa kar wani ya ce wai mu dama ba mu iya ba, tarihi bai yarda da haka ba. A Janairun 2012 da Jonathan ya cire tallafi lita ta tashi daga 65 zuwa 141, a Kano matasa da ɗalibai da malaman jami'a suka mamaye shataletalen Silver Jubilee suka kwana a wurin, har Kirista suna gadin Musulmi in za su yi sallah. An rasa rayuka a lokacin ma, amma akwai ƙungiyoyin ƙwadago NLC da TUC da suka shiga yajin aiki ranar 9 ga wata, akwai buƙata guda ɗaya tak da kowa zai iya faɗa cikin numfashi ɗaya, akwai kuma waɗanda gwamnati za ta zauna da su a tebur. Ranar 16 ga wata aka dawo da lita 97. Mutane da yawa sun ce ƙwadago sun sayar da su, wannan wata magana ce, amma an samu wani abu da za a nuna. A 2024 jerin buƙatun da ke yawo ya haɗa tallafin mai da kuɗin wuta da sauya tsarin mulki da sakin Nnamdi Kanu da abubuwa barkatai, a titunanmu kuma abin da ake ta faɗa shi ne "ba ma yi". Gaskiya ce daga zuci, amma ba buƙata ba ce da za a ce an biya ko ba a biya ba.

In aka ƙara komawa baya sai a tarar da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950. Mu yanzu abin da muke tunawa shi ne jawaban Malam Aminu Kano da jarumtar Hajiya Gambo Sawaba da yawan ɗaurin da ta sha, amma abin da ya riƙe NEPU rassa ne, a unguwanni da kasuwanni da ƙauyuka, teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure, da katin jam'iyya da karo-karo da ɓangaren mata. In an ɗaure ɗan NEPU a gidan yarin En'e akwai waɗanda suka san an ɗaure shi kuma za su leƙa iyalinsa. Shekara kusan talatin ana wannan aikin kafin PRP, jam'iyyar Malam Aminu ta gaba, ta ci Kano da Kaduna a 1979, Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Buƙata ce da talaka ya daɗe yana faɗa da bakinsa, aka riƙe ta ba a sake ba har ta tabbata.

Maƙwabtanmu na Nijar ma sun nuna a 2005, lokacin da gwamnatin Tandja ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari kan kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari da ruwa da wuta. Ƙungiyoyin farar hula da na ƙwadago da na masu sayen kaya suka haɗu ƙarƙashin inuwa ɗaya ta yaƙi da tsadar rayuwa, aka yi babban maci a Yamai a watan Maris, sannan suka koma dabarar zaman gida, a wayi gari kasuwa rufe tasha ba mota, a Yamai da Damagaram da Maraɗi da sauransu. An kama shugabanninsu irin su Nuhu Arzika amma tafiyar ba ta mutu ba, a watan Afrilu gwamnati ta zauna da su ta janye mafi yawan harajin. Dabarar zaman gidan nan ta dace da mu ƙwarai, domin ba ta ba ɓarawo damar fakewa da taro ba kuma ba ta ba mai bindiga abin harbi, amma ba ta yiwuwa sai shugabannin kasuwa da na direbobi da na 'yan adaidaita suna ciki kuma ana jin maganarsu.

To a nan ne nake ganin abin da ba a cika kula da shi ba. Mu ba tsari muka rasa ba, kusan kowace unguwa a Kano ko Zariya ko Katsina tana da kwamiti. Taransifoma ta ƙone, kamfanin wuta ya ce ba kuɗi, kafin sati biyu an zauna a ƙofar masallaci bayan isha'i an yanka wa kowane gida abin da zai bayar, mai shago kaza mai injin markaɗe kaza, gidan marayu an yafe musu, an samu ma'aji an samu yaro mai bin gida-gida da littafi da rasit, wanda ya ƙi biya an san yadda za a yi masa magana ta bakin wanda yake jin nauyi. Haka ake yi wa 'yan sintiri albashi, haka ake yashe kwata kafin damina, haka ake gyaran maƙabarta da burtsatse, haka mata suke riƙe adashi shekara da shekaru ba kotu ba ɗan sanda kuma kwabo ba ya ɓata. Wannan ƙwarewa ce babba, tara kuɗi da riƙon amana da sasanta mutane da bin abu har ƙarshe, su ne dai abubuwan da zanga-zangar Agusta ta rasa.

Matsalar ita ce duk wannan ƙwarewar muna kashe ta ne wajen yi wa gwamnati aikinta, ba wajen tambayarta ba. An sayi taransifoma da kuɗin talakawa, ta zama kayan kamfani, wata mai zuwa bil ya zo kamar yadda ya saba, ba wanda ya rubuta ko takarda ɗaya zuwa hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta. An yashe kwata da aikin gayya, ba wanda ya tambayi kansila ina kuɗin da aka ware wa tsaftar muhalli. In wani matashi a kwamitin ya ce mu je sakatariya mu tambaya, dattijo zai ce a'a kar a sa mana siyasa a ciki. Ina fahimtarsa, ya ga yadda siyasa take raba kan unguwa, ya ga yadda ɗan takara yake zuwa da buhunan shinkafa da atamfa ya ɗauke shugaban ƙungiya ya ba shi muƙamin mataimaki na musamman shi ke nan ƙungiya ta mutu. Amma tambayar ina kuɗinmu ba goyon bayan jam'iyya ba ce, kuma muddin masu tsari suna gudun tambaya, masu tambaya kuma ba su da tsari, haka za mu yi ta yi, shekaru ana shiru sai rana ɗaya a fashe.

Akwai misalin da ya nuna abin da ƙaramar buƙata tsayayya take iya yi. Bayan gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara daga 2010, an tsabtace wasu ƙauyukan amma Bagega ta rage, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ce ba amfanin ba yara magani su koma cikin ƙasa mai guba, gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗi ta yi shiru. Wasu matasa ƙalilan, su Hamzat Lawal, suka ɗauki maganar da taken ceto Bagega, suka je garin suka ɗauko hotuna da bayanai suka yi ta matsa wa 'yan majalisa da ma'aikatu, a farkon 2013 aka saki kuɗin aka fara aikin, kuma ba su tsaya nan ba suka ci gaba da bin yadda ake kashe shi. Gari ɗaya, buƙata ɗaya, adadin kuɗi sananne, ofishin da ke riƙe da shi sananne. Dokar rage shekarun takara da aka sa wa hannu a Mayun 2018 ma haka aka yi ta, bin 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya jiha bayan jiha.

Inda ya kamata kwamitin unguwa ya sa ido yanzu shi ne ƙaramar hukuma. Ranar 11 ga Yulin 2024, sati uku kacal kafin zanga-zangar, kotun ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye kuma ba a yarda da shugabannin riƙo ba. Aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa, zaɓukan da aka yi bayan nan kuma kowa ya ga yadda suka kasance, a Kano NNPP ta cinye 44 duka, a Kaduna APC ta cinye 23 duka, kusan kowace jiha jam'iyyar gwamna. Amma duk da haka ciyaman da kansila mutane ne da ake haɗuwa da su a ɗaurin aure da jana'iza, an san gidansu an san iyayensu, ba kamar minista ba. Kason da kowace ƙaramar hukuma take samu duk wata ana wallafa shi, mai waya a hannu zai iya nemowa. Kano kaɗai mazaɓu 484 gare ta. A ce a kowace mazaɓa akwai mutum goma, da liman ko na'ibinsa da malamar Islamiyya da ɗan kasuwa da malamin makaranta da matasa biyu masu iya waya, duk wata uku su gayyaci kansila zaure ɗaya su ce ga abin da ya shigo, nuna mana abin da aka yi, a rubuta abin da ya faɗa a karanta masa a zama na gaba. Zai iya ƙin zuwa sau ɗaya sau biyu, amma ƙin zuwan ma labari ne da gidajen rediyon Kano za su so, kuma duk wanda ya san garin ya san yadda 'yan siyasa suke tsoron shirye-shiryen rediyo na dare.

Ba na cewa wannan ya maye gurbin fita titi. Akwai ranar da sai an fita, kuma haƙƙi ne, sashe na 40 na tsarin mulki ya ba da shi. Mutane da yawa ba su ma san cewa shari'ar da ta kashe maganar neman izinin 'yan sanda daga Kano ta samo asali ba, bayan an tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP da barkonon tsohuwa a Satumbar 2003 aka je kotu, a 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar cewa ba a buƙatar izini, dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta ce in an sanar da su aikinsu shi ne su ba da tsaro. Sai dai doka a takarda daban, abin da ke faruwa a titi daban, kuma tsoron da mutane suke ji ba na banza ba ne, Dadiyata, matashin nan mai sukar gwamnati a kafafen sada zumunta, tun Agustan 2019 aka ɗauke shi a ƙofar gidansa a Kaduna har yau ba labari. Shi ya sa ma nake nacewa kan ƙungiya, mutum ɗaya mai baki a Facebook sauƙin ɗauka gare shi, amma kwamitin da limamin unguwa da shugaban kasuwa suke ciki, da lauya ɗan unguwa da ya yarda a kira shi ko da tsakar dare, taɓa shi yana da tsada. Irin wannan kwamitin ne in ranar fita ta zo zai iya cewa daga nan za mu tashi, ga masu riga mai alama da za su tsare gefen taro, yaro ƙasa da shekara sha takwas ya koma gida, ƙarfe biyu kowa ya watse.

Gwamnatin Kano ta kafa kwamitin shari'a ya binciki abin da ya faru a Agusta, ya zauna ya saurari mutane ya miƙa rahoto a farkon 2025. Iyalan waɗanda aka harbe suna nan a unguwanninsu, masu shagunan da aka fasa suna nan, yaran da aka dawo da su daga Abuja ma suna nan, wasu sun koma makaranta wasu sun koma inda suka fito. Neman a fitar da rahoton nan kowa ya karanta, a faɗi wa za a biya diyya kuma wa za a hukunta, aiki ne da ya fi ƙarfin mutum ɗaya amma bai fi ƙarfin kwamitocin unguwanni biyar ko shida da suka rasa 'ya'yansu ba, in suka haɗu suka rubuta takarda ɗaya da sa hannun masu unguwanninsu suka kai, suka kuma sa ranar da za su koma jin amsa.